Sashen kunne, maƙogwaro da wuya: likitocin sun san aiki, teburin karɓar marasa lafiya kuwa sai haƙuri

Sashen da zan yi magana a kansa ba wurin da ake zuwa da ciwon kunne na kwana biyu ba ne, ko murar da ta toshe hanci. Wani ɓangare ne a cikin babban asibitin koyarwa, inda ake turo mutanen da aka gaji da juya su daga wannan likita zuwa wancan ba a gano kan ciwonsu ba, ko a kunne yake, ko a maƙogwaro, ko a wuya. Rana ɗaya a mako likitan tiyatar kai da wuya, da likitan tiyatar jijiyoyin jini, da mai karanta hotuna, da likitar sinadaran jiki, da mai gyaran murya da haɗiya suke zama a ɗaki guda su duba fayil ɗin mutum tare. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan rubuta. Hukuncina dai tun daga farko shi ne, da ƙanena zai samu irin abin da na samu, can zan kai shi ba wata-wata, amma ni zan riƙa bin sawun takardunsa da ƙafata.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, wato da murya nake neman na kaina. Abin da ya kai ni wurinsu wani ƙullutu ne a ƙasan muƙamuƙina na hagu, wanda ya shekara da shekaru yana zaune, ba zafi, ba raɗaɗi, sai dai in ina aski na ji shi a ƙarƙashin yatsa. An ce kaluluwa ce, na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta. An yi zargin tarin fuka, gwaji ya wanke ni. An duba maƙoƙo, ba shi ba ne. Har an sa ranar da za a soka allura a ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji, sai wata ma'aikaciyar sikanin da aka tura ni wurinta ta danna maɓallin da ke nuna gudun jini, ƙullutun gaba ɗaya ya kama da ja da shuɗi a allo. Ta ajiye abin da ke hannunta ta fita ta kira likita. Daga nan aka rubuta min takardar zuwa wannan sashe.

Abin da ya fara burge ni shi ne likitan tiyatar wuyan bai kalli takarda ko ɗaya ba sai da ya gama da ni. Dattijo ne mai ƙaramar murya. Ya zagayo ta bayana, ya ce, "Malam, ɗan saki wuyanka, kada ka taya ni." Ya kama ƙullutun da yatsu biyu, ya tura shi gaba, ya dawo da shi baya, ya motsa. Ya gwada tura shi sama da ƙasa, ya ƙi. Ya maimaita, sannan ya kama hannun ɗalibin likitan da ke tsaye ya ɗora a wurin, ya ce masa ya ji da kansa, ƙullutun da ke tafiya gefe da gefe amma ba ya hawa ba ya sauka, a jikin jijiyar jini yake manne. Ya ɗora abin sauraron ƙirji a wuyana ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai tambayoyi: ina jin bugun zuciyata a cikin kunne? Ina ƙwarewa in na sha ruwa? Muryata ta taɓa dishewa ba dalili? Ina samun ciwon kai mai zuwa farat ɗaya tare da gumi da faɗuwar gaba? Ta ƙarshe ita ce wadda ba wanda ya taɓa yi min: "A danginku, musamman ta wajen uba, akwai wanda ya taɓa samun irin wannan?"

Akwai mana. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rayu da kumburi a gefen wuya har ya bar duniya, ba shi ne ajalinsa ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa ciwo. Goggonmu, ƙanwarsa, kunnenta ɗaya ya mutu tun tana da sauran ƙarfi, kullum tana cewa tana jin ana daka a cikinsa. Da na faɗi haka likitan ya rubuta wani abu ya ja masa layi biyu, ya ɗago ya ce, "Malam, abu ɗaya nake so ka riƙe yau. Kada ka yarda kowa ya soka wa wannan abin allura."

Ga bayanin da ya yi min, da zane a bayan takardar magani. A kowane gefen wuya akwai babbar jijiyar jini, karotid, mai kai jini sama. Daidai ƙasan muƙamuƙi takan rabu biyu, reshe ɗaya ya shige ƙwaƙwalwa, ɗayan ya ciyar da fuska da fatar kai. A mararrabar akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta wuce 'yan milimitoci ba, aikinta ɗanɗana jini: idan iskar oksijin ta yi ƙasa sai ta aika wa ƙwaƙwalwa a ƙara numfashi. Binciken yadda wannan yanki ke sarrafa numfashi ne ya jawo wa Corneille Heymans, ɗan Beljiyam, kyautar Nobel ta 1938. Idan ƙwayar ta girma ta zama ƙari, shi ne ake kira faragangiliyoma. Yana zama a tsakanin rassan biyu kamar sheƙar tsuntsu a mararrabar bishiya, yana girma yana buɗa su. Mafi yawansu ba sa yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, amma cike suke da jini, shi ya sa allura ke iya jawo zubar jini, kuma sau da yawa abin da za ta ɗebo ba ya gamsar da mai dubawa. Hoto ne ke tabbatar da shi. Ya ce an fi ganinsa a mutanen da ke zaune a kan tsaunuka masu tsawo irin na Andes, inda iska ke da ƙaranci, sai kuma a gidajen da ake gadonsa.

A wannan zaman dai aka duba kunne da maƙogwaro, ba a ce in je in dawo ba. Kunne, saboda irin wannan ƙari yana iya fitowa a bayan dodon kunne, inda likita zai hango shi ja yana bugawa, ko a gindin ƙoƙon kai kusa da babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙwaƙwalwa. Nan na tuna dakan da Goggo take ji. Nawa kunnuwan lafiya, gwajin ji ma ya yi kyau. Maƙogwaro kuwa, wata siririyar roba mai kyamara a baki aka zura ta hancina bayan an fesa maganin kashe zafi mai ɗacin tsiya. Ba zafi, sai dai hawaye da son yin atishawa. Suka juyo min da allon ina kallo. Na ga igiyoyin muryata guda biyu, farare, suna buɗewa in na ja numfashi, suna haɗuwa su yi rawa in na ce "iii". Mai gyaran murya ta sa na hau da sauti na sauko, ta ɗauki bidiyon ta ajiye. Ta ce dalili shi ne jijiyoyin saƙo masu motsa murya da harshe suna bi ta jikin ƙarin, dole a san yadda suke kafin a taɓa komai, don in wani abu ya canza daga baya a samu abin kwatantawa. Wannan bidiyon ya yi min rana, zan zo kansa.

Sai gwaje-gwaje, kuma a nan ne sashen ya fara nuna ɗaya fuskar tasa. Hoton CT da ruwan allura ya nuna ƙarin hagu ya kai santimita 3.5. Hoton MRI ya tono abin da ba wanda ya yi zato: wani ɗan ƙarami a dama, bai kai santimita 1 ba, hannu ba ya jin sa. Aka tura ni gwajin jini na sinadarin metanefirin, wanda ke nuna ko ƙarin yana fitar da dangin adirenalin, sinadarin da ke tayar da bugun zuciya da hawan jini. Na wuya ba kasafai suke fitarwa ba, amma in an yi rashin sa'a yana fitarwa aka kwantar da mutum a tiyata ba a shirya ba, hawan jini na iya tashi ya yi ɓarna, don haka sai an sha maganin da zai tare shi tukuna. Ka'idar gwajin ita ce mutum ya kwanta rigingine na minti 20 zuwa 30 kafin a ɗebi jinin. Ni kuwa na hau bene da ƙafa, na yi tsayuwar layi, aka zaunar da ni a kujera aka ɗiba nan take. Sakamako ya fito ya ɗan haura iyaka. Na yi makonni da tashin hankali kafin likitar sinadarai ta tambaye ni, "A kwance aka ɗauka ko a zaune?" Da aka sake bisa ka'ida, lafiya lau. Sashen da ya ƙware a kan wannan ciwo bai kamata ya tura mutum ɗakin gwaji ba tare da rubuta wannan umarni a jikin takardar ba. Layi ɗaya ne fa.

Inda suka fi ƙarfi, kuma dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne ranar yanke shawara. Na shiga da zaton za a ce ga ranar tiyata, a cire duka biyun a huta. Sai na tarar da likitan jijiyoyin jini da na wuya suna zaune gefe da gefe, hotunana a allo, suka shimfiɗa min hanya uku: a bar shi ana aunawa, a gasa shi da na'ura, ko a cire. Ba su ɓoye cewa barin nasa ma magani ne ba. Suka ce likitocin Leiden a ƙasar Holan, waɗanda suka daɗe suna bin gidajen da ke gadon ciwon, sun auna irin waɗannan ƙari na tsawon shekaru, suka ga galibi girman da suke ƙarawa wajen milimita 1 ne a shekara, wasu ma ba sa motsi. Gashin na'ura kuwa ba ya kawar da ƙari, tsayar da shi yake yi, an fi zaɓa wa tsofaffi da waɗanda nasu ke wurin da wuƙa ba za ta kai ba sai da asara.

Na hagu, suka ce, yana rukuni na biyu a ma'aunin Shamblin, wanda likitocin asibitin Mayo na Amurka suka fitar a 1971. Rukuni na ɗaya ƙarami ne, ana ɓare shi daga jijiya cikin sauƙi. Na biyu ya rungumi jijiyar amma bai zagaye ta ba. Na uku ya haɗiye ta gaba ɗaya, wani lokaci sai an yanke jijiyar an maye gurbinta da wata. Ina cikin shekaru arba'in da wani abu. In aka bar shi ya yi ta tafiya shekara 20 ko 30, zai iya tsallakawa rukuni na uku a lokacin da jikina ba zai ɗauki babbar tiyata ba. Don haka shawararsu a cire na hagu yanzu. Na dama kuwa, likitan jijiyoyin jini ya ce, "Wannan ba za mu taɓa shi ba, kuma in wani ya ce zai cire maka, ka tambaye shi dalili." A mararrabar nan akwai jijiyoyin da ke auna hawan jini su daidaita shi. In aka lalata na gefe ɗaya, ɗayan zai riƙe aikin. In aka lalata duka biyu, jinin mutum na iya zama ba linzami, ya hau ya sauka yadda ya ga dama. Haka ma murya: igiya ɗaya ta shanye, ana rayuwa da dishewa; duka biyu suka shanye, ana iya kaiwa ga huda maƙogwaro don numfashi.

Na tambaye su kai tsaye mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa. Ba su yi min kwana-kwana ba: shanyewar ɓarin jiki in gudan jini ya tsere zuwa ƙwaƙwalwa, zubar jini mai yawa, karkacewar harshe, dishewar murya, wahalar haɗiya. Suka faɗa min sau nawa suke yin irin wannan aiki a shekara da abin da ya samu marasa lafiyarsu, ba abin da littafi ya ce kaɗai ba. Na tambayi batun toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin kafin tiyata, wanda na karanta a intanet. Suka ce likitoci sun rabu a kai, shi ma yana da nasa haɗarin, su sukan yi wa manyan ƙari ne, nawa bai kai ba. Ban taɓa zama gaban likitan tiyatar da ya ɓata lokaci yana lissafa min dalilan da za su hana shi yanka kamar waɗannan ba. Suka ce in je gida in yi shawara da iyali, ba gaggawa.

Tiyatar kanta ba ni da labarinta, barci nake. Abin da na sani shi ne su biyun suka yi ta tare, ba a ƙara min jini ba, kuma tsagar ta bi layin fatar wuya, yanzu sai na nuna ake gani. Daren farko nas-nas ba su bar ni na runtsa ba. Kowane ɗan lokaci sai wata ta zo da tocila: "Baba, yi min murmushi. Fito da harshe. Matse hannuna. Ɗaga ƙafa." A lokacin haushi nake ji, har da na "Baba" ɗin, ni da ban kai hamsin ba. Daga baya na gane alamun shanyewar jiki suke farauta, da kumburin jini a wuya wanda zai iya danne hanyar iska. Kafin a bar ni in sa komai a baki sai da mai gyaran haɗiya ta zo ta tsaya a kaina, yatsunta a maƙogwarona, ina kurɓar ruwa da cokali. Ɗakin kwanciyar tsaf yake, ba ni da abin cewa.

Harshe ya fita lafiya. Murya ce ta samu tabo. In ina hira a ɗaki ba wanda zai lura, amma ranar da na koma aji na ɗaga murya zan kira wani yaro a bencin baya, sai sautin ya tsaya a rabin hanya. Kafin a tashi makaranta murya ta gaji liƙis. Da na koma, aka sake zura kyamara, mai gyaran murya ta jera sabon bidiyo kusa da tsohon. Igiyoyin suna buɗewa suna rufewa daidai, amma in na hau sama ta hagu ba ta miƙewa kamar da. Ta ce wata siririyar jijiya ce mai ɗaure igiyar murya don sauti ya yi sama, ta wahala a lokacin aiki. Ba don tsohon bidiyon ba da sai a ce min ai muryarka lafiya take, tunda igiyoyin suna motsi. Ta koya min atisaye: hura iska ta siririn bututu a cikin kofin ruwa ina fitar da sauti, jan sauti daga ƙasa zuwa sama a hankali, da numfashi daga ciki maimakon matse wuya. Ta kuma ce in daina gasa da hayaniyar yara, in nemi ƙaramar lasifika ta rataye. Na ji kunyar rataya ta da farko, yanzu kuwa abokan aikina biyu masu lafiyayyar murya sun sayi tasu. Murya ta dawo da yawa, ba duka ba. Wannan matar ita ce mafi amfani a gare ni a duk sashen bayan masu wuƙa, kuma ita ce aka fi wahalar samun ranar ganinta, domin ita kaɗai ce.

Babban ƙorafina shi ne abin da ba a gaya min ba. Ba da jimawa da sallama ba, na sa lomar farko a baki da safe, sai wani zafi ya soke ni a gaban kunnen hagu, ya riƙe muƙamuƙi, har na dafe tebur. Loma ta biyu da sauƙi, kafin ta biyar ya wuce. Da rana ya dawo. Na ɗauka wani abu ya tsinke a ciki. Na kira lambar da ke jikin takardar sallama, tana ta ringi ba mai ɗauka. Da na samu ganin likita, ko mamaki bai yi ba. Ya ce sanannen abu ne bayan tiyata a wannan lungu na wuya, ciwon lomar farko ake ce masa: jijiyoyin da ke sarrafa ƙwayar yawu ta gaban kunne ne suka taɓu, sai ta matse da ƙarfi da zarar ta ji abinci. Yakan lafa da kansa cikin watanni, in ya ƙi ana yi wa ƙwayar allurar Botox. Nawa ya lafa. Amma mutanen da suka zauna suka lissafa min shanyewar ɓarin jiki dalla-dalla, me ya hana su ƙara wannan? Na faɗa masa haka. Ya ce, "Gaskiyarka, Malam." Ko sun sa shi a takardar bayaninsu yanzu, wanda ya je bayana ne zai faɗa.

Batun gado shi ne ya fi nauyi, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Gwajin jini ya nuna ina ɗauke da canji a ƙwayar halittar da ake kira SDHD, wadda aka gano alaƙarta da wannan ciwo a shekarar 2000. Kowane ɗa nawa yana da rabi da rabi na gadonta. Abin mamakin shi ne, ciwon kusan ba ya bayyana sai in daga uba aka gaje ta. Wanda ya gada daga uwa yakan ɗauke ta lafiya ƙalau, amma in namiji ne zai iya miƙa wa 'ya'yansa ciwon ya fito. Shi ya sa yake ɓuya a gida ya tsallake zuriya guda, a ɗauka ya tafi. Duk wannan a zama ɗaya gajere aka zuba min, aka miƙo min wasiƙar da zan kai wa 'yan'uwa, cike da kalmomin likitanci. Ni mai koyar da lissafi ma sai da na zana bishiyar gidanmu a takarda kafin na gane wa ya shafa.

Ni na zama mai yi wa dangi bayani, aikin da ba nawa ba. Yayata da na kai mata wasiƙar ta juya ta ta ce, "Kai dai faɗa min da baki, yarana fa?" Na ce, "Yaya, ke ce abin dubawa, tunda daga Baba ne. Yaranki ko sun gada, da wuya ya fito musu. Nawa ne ke cikin lissafi." Ta yi shiru, sannan ta ce to a rubuta ta. An gwada ta, tana ɗauke da ita, hoto ya nuna ɗan ƙarami a wuyanta, ana aunawa ba a taɓa ba. Ƙanenmu bai gada ba. Yarana kuwa an ce ba a gaggawar gwada ƙanana, ga masu irin tawa sai sun kai wajen shekara 10 zuwa 15. Ni kaina zan ci gaba da gwajin jini da hoto lokaci zuwa lokaci har iyakar rayuwa, ba wuya kaɗai ba har ciki, saboda irin wannan ƙari yana iya fitowa a 'yar ƙwayar da ke saman ƙoda. Labari irin wannan yana buƙatar zama na biyu, da takarda cikin harshen da mutum zai karanta wa iyalinsa.

Zaman jira a wurin yana da tsawo, kuma a bencin nan na gane ba ni kaɗai aka yi ta yawo da shi ba. Wata mata da muke yawan haɗuwa ta shekara tana shaƙar maganin asma ba sauƙi, ashe hanyar iskarta ce ta tsuke a ƙasan igiyoyin murya, ciwon da kusan mata kaɗai yake kamawa; da kyamarar hanci aka gano, aka buɗa mata. Wani saurayi kuma ya ce min yana jin motsin ƙwayar idonsa a cikin kunne, in an buga ƙofa da ƙarfi jiri ya ɗebe shi, har an fara tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ashe wani ɗan ƙashi ne da ya kamata ya rufe bututun daidaito na cikin kunne ya ɓule, ciwon da Lloyd Minor na Jami'ar Johns Hopkins ya fara bayyanawa a 1998. Ya ce likitan nan ya kaɗa ƙarfen gwajin ji ya ɗora masa a idon sawu, ya ji ƙarar a kunne, daga nan aka tura shi hoto. Su biyun duk abin da suka yaba shi ne wanda na yaba, abin da suka kuka da shi kuma shi ne nawa: waya da takardu.

A kan takardun, an taɓa ɓatar da faifan hotona tsakanin ɗakin hoto da ofishin likita, aka ɗage zaman. An taɓa aiko min da ranar ganin likita bayan ranar ta wuce. Ba a faɗa wa mutum tun farko jerin gwaje-gwajen da ke gabansa da abin da za su ci, sai dai ya riƙa cin karo da su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba masu sauƙi ba ne. Ma'aikatan teburin ba su da wulaƙanci, aiki ne ya fi ƙarfinsu, mutum biyu suna fama da layi da waya da fayil a lokaci guda. Akwai wata nas mai kula da masu ƙarin wuya, in ka samu lambarta ta kai tsaye rabin wahalarka ta ƙare, sai dai ba a bayarwa sai ka tambaya.

Wanda ke da ƙullutu a wuya da ya wuce makonni uku bai tafi ba, ko dishewar murya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko jin bugun zuciya a kunne ɗaya, ya fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro na kusa da shi. Akasarin irin waɗannan ba sa buƙatar sashe irin wannan, kuma su ma ba sa karɓar mutum sai da takardar turowa. In an turo ka, ka tafi da faifan hotunanka kansu, ba rahoton da aka buga kaɗai ba, domin mai karanta hotunansu sake dubawa yake yi daga farko, kuma ka riƙe kwafi a hannunka. Ka tambayi tsofaffin gidanku wa ya taɓa samun kumburin wuya, mutuwar kunne ɗaya ko hawan jini tun yana matashi, ta wajen uwa da ta wajen uba daban-daban. Ka tafi da wani ya riƙa rubuta abin da ake faɗa, don ranar yanke shawara maganar tana da yawa. Kafin ka bar ɗakin likita kuma, ka sa a rubuta maka ranar dawowa a katinka, kada ka yarda da "za mu kira ka".